Tayar Ƙanƙara a Garin Rana

Ƙarar da aka kawo wa Insifekta Mukhtaru da hantsin ranar nan ta satar tayoyi biyu ce, amma wanda ya kawo ta daga maƙabarta yake. Ƙasa na nan a takalminsa, idanunsa jajur.

Mukhtaru haifaffen unguwar Tandabawi ne a Makka. Kakansa ya taso daga Haɗeja da ƙafa don aikin Hajji, ya iso Makka, ya ga babu inda ya fi nan, ya yi zamansa. Muƙamin jikan a takarda da Larabci yake, amma Hausawan gari sun ce Insifekta, ya gyara musu har ya gaji ya bar su. Duk ƙarar da ta shigo ofis da Hausa a bakinta, teburinsa ake turo ta.

"Zauna. Sunanka?"

"Rayyan." Saurayi ne, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu, sai yake haɗa su. "Yayana Yunus yana mustashfa, asibiti, ƙafa ta karye, da haƙarƙari. Matarsa Haifa yau bayan asuba muka yi mata salla a Harami."

"Allah ya jiƙanta. Azzamallahu ajrakum. Me ya faru?"

"Tabuka suka je, Dutsen Lauz, kallon talj, dusar ƙanƙara. Ita ce take so. Tun tana ƙarama take cewa sai ta taɓa shi da hannunta."

Mukhtaru ya san zancen. Duk shekarar da sanyi ya yi ƙarfi, dusar ƙanƙara takan sauka a duwatsun arewa, samari su cika motoci su tafi, su dawo da hotuna da mura. Shi dai bai taɓa gane dalilin da mutum zai yi tafiyar yini guda don ya ji sanyi ba. Amma shi ba ango ba ne, su kuwa aurensu bai shekara ba.

"Yayana ba mai ganganci ba ne," in ji Rayyan. "Kafarat na talj ya saya, tayoyi huɗu, ta intanet, ya jira har suka iso Jidda. Duba abin da murur, jami'an hanya na Tabuka, suka aiko."

Ya miƙa wayarsa. Farar mota ce kwance a kan gefenta a ƙasan wani gangare, ƙanƙara ta rufe rabin gilashin. Jami'an hanya sun ɗauki kowace taya kusa da kusa. Na baya biyu zanensu mai zurfi ne, gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da tsaga sirara kamar an bi ta da reza. Na gaba biyu kuwa irin waɗanda kowa ya sani ne, layuka miƙaƙƙu, tayar kwalta mai zafi.

"Jami'in ya ce a kwana ne, suna saukowa. Yunus ya murɗa sitiyari, motar ba ta juya ba. Miƙewa kawai ta yi."

"Wato wani ya cire biyu."

"Ba wani ba ne, ya Insifekta. Sadisu ne, mai banshar, mai facin taya na unguwar Hindawiyya. Shi ya ɗaura su. Ya sa biyu, ya ɓoye biyu."

Kafin azahar an kawo Sadisu mai faci an ajiye shi a ofis. Ba ɗan ƙasa ba ne, da iƙama, takardar izinin zama, yake aiki. Mukhtaru ya san abin da ke jiransa idan fayil ya wuce wurin masu gabatar da ƙara da sunansa a kai. Kurkuku ne, daga nan sai jirgi, ya koma garinsu da sunan wanda ya kashe 'yar mutane saboda taya.

Da la'asar ya ɗauke shi a mota suka je shagon. Rumfa ce matsattsiya tsakanin mai sayar da wake da burodi da mai gyaran firji, ga ƙaurin roba, ga baƙin mai a ƙasa. Sadisu mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, siriri, mai sanyin murya. Tunda suka fito bai daina rantsuwa ba.

"Ranka shi daɗe, huɗu na ɗaura. Yunus shina tsaye bisa kaina munka yi aikin, shi da kainai ya duba iska."

"Ka taɓa ganin irinsu?"

"Ban taɓa ba. Laushi gare su. Na ce mai anya, ya ce haka aka yinsu. Ni dai ɗaurawa ce tawa."

"Tsofaffin da ka cire fa?"

Sadisu ya nuna lungu. Ga su nan a kan juna, an ɗaure da igiya, Yunus ya ce a ajiye masa idan ya dawo a mayar. Mukhtaru ya durƙusa ya gwada su da hoton. Huɗu ne cif, kuma zanensu daban ne da na tayoyin gaban motar. Da mai faci ne ya yi musanyen, tsofaffin Yunus zai mayar masa, tunda su ne a kusa da hannunsa. Na gaban nan daga wani wuri suka fito.

Ya miƙe yana ƙare wa shagon kallo. Kowane ƙarfe da ƙusarsa a bango, kowane abu da mazauninsa. A gindin bangon akwai wuri ɗaya da ƙura ba ta taɓa ba, shatar wani abu mai nauyi da aka ɗauke kwanan nan.

"Me ke zama a nan?"

"Jak ne, ƙarami."

"Yana ina?"

"An ara."

"Wa ya ara?"

Sadisu ya sunkuyar da kai, ya ɗauki tsumma ya shiga goge hannun da babu komai a jikinsa. "Mutane da yawa ka zuwa, ranka shi daɗe. Na mance."

"Mai faci ya manta wanda ya ɗauki jak ɗinsa? Sadisu, ka san abin da ke kanka kuwa?"

"Na sani."

"To?"

"Na mance."

Haushi ya kama Mukhtaru. Yana ƙoƙarin ciro mutum daga rijiya, mutumin yana sakin igiya. Ya mayar da shi ofis.

An dawo da Yunus wani asibiti a cikin Makka. Washegari da safe Mukhtaru ya same shi kwance, ƙafa a rataye, fuska duk ƙwarzane. Irin mutanen nan ne da ba sa sayen ko tukunya sai sun karanta bayaninta. Da aka tambaye shi zancen tayoyi sai ya soma magana a hankali, idonsa a kan silin.

"Tayarmu ta nan, ya Insifekta, robarta tauri gare ta, don kada zafi ya cinye ta. Idan ta shiga sanyi sai ta ƙara ƙandarewa ta koma kamar katako. Layukanta kuma na korar ruwa ne, ba su da abin da za su kama ƙanƙara da shi. Waccan kuwa laushi gare ta, sanyi ba ya ƙandarar da ita. Ƙananan tsagar nan, idan nauyin mota ya hau su, buɗewa suke yi su ciji hanya. Ramukan kuma su cika da ƙanƙara, ita ta manne da wadda ke ƙasa. Duk na karanta wannan. Na karanta mata ma, tana ta yi mini dariya."

"Da ka san na gaba ba su ba ne fa?"

"Da ban hau dutsen ba. Akwai motocin da suka tsaya a ƙasa, masu su suka ce ba za su iya ba. Na ce da ita mu ai mun shirya."

 Mukhtaru ya bar shi har numfashinsa ya daidaita. A aikin nan ya ga masu kuka iri-iri, amma wanda ba ya kukan ya fi ba shi tausayi.

"Daga ranar da aka ɗaura su zuwa ranar da kuka tafi, wa ya taɓa motar?"

"Babu kowa."

"Ba ka lura da bambanci ba da za ku tashi?"

"Murfin wili duk iri ɗaya ne. An wanke motar, an shafe tayoyin da man nan baƙi, suna ta ƙyalli. Ban durƙusa ba."

"Wa ya shafe su?"

Yunus ya lumshe ido. "Ni."

"Ka ce an shafe. Ba ka ce na shafe ba."

"Hausata ce ba ta da kyau."

"Hausarka lafiyarta lau. Ka san Sadisu yana tsare a wurinmu?"

Yunus ya yunƙura zai tashi, ciwon haƙarƙari ya mayar da shi. "Wa ya kai shi?"

"Ƙaninka."

"Rayyan bai gaya mini ba. Sadisu bai yi komai ba, wallahi bai yi ba. Ku sake shi."

"Ta ina ka sani?"

Yunus ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "Ku rubuta ni ne. Ni na kai ta can. Khalas, ku rubuta haka."

Mukhtaru ya fito yana juya maganar. Mutum biyu sun yi masa ƙarya, kuma babu wanda ya yi don kansa. Ɗaya ya yarda da kurkuku, ɗaya ya yarda da alhakin matarsa. Wanda ake rufa wa asiri haka ba tsoronsa ake ji ba, kunyarsa ake ji. A rayuwar Yunus kuwa, mutanen da zai ji kunyarsu har haka ba su da yawa.

Bayan magariba ya nufi gidan iyayen Haifa a Hindawiyya. An jera kujeru a lungu, an ja fitilu, ana zagawa da gahawa da dabino. Uban mamaciyar, Ammi Abdulwasi'u, yana zaune a tsakiyar masu karɓar gaisuwa. Tsohon direba ne, ya tsufa a kan sitiyari tsakanin Makka da Jidda da Madina, kuma unguwa duka ta san bai taɓa ko taka kaza ba. Haifa ce autarsa.

Wani dattijo da ke kusa da Mukhtaru ya raɗa masa cewa abin da ya fi ba mutane takaici shi ne butulcin Sadisu. Lokacin da aka rushe gidajen unguwar Nakkasa Sadisu ya rasa wurin kwana, Ammi Abdulwasi'u ne ya ba shi ɗakin soro, bai karɓi komai ba. Mukhtaru ya gyaɗa kai kawai.

Da mutane suka ragu ya matsa ya durƙusa gaban tsohon, ya yi masa ta'aziyya. Da zai kama hannunsa sai ya ga na dama a naɗe da bandeji, yatsu biyu a kumbure.

"Me ya sami hannun, Baba?"

"Ƙofa ce, ya waladi. Tsufa."

"Allah ya sawwaƙe. Baba, ka ga tayoyin da Yunus ya saya kuwa?"

"Ban gani ba. Ina ruwana da motar suruki?"

"Haka ne. Na ji an ce masu tsada ne, masu kyau."

Nan fuskar tsohon ta canza. Direba ne, ko a zaman makoki ba ya iya jin an yabi abin da bai yarda da shi ba.

"Masu kyau? Yaran yanzu su danna waya a kawo musu abu daga ƙasar da ba su sani ba. Taya duk ta tsattsage, ka danna ta da babban yatsa ta lotsa, a ce wai sabuwa ce."

"Ka ce ba ka gani ba, Baba."

Ammi Abdulwasi'u ya kalli carbinsa. "An gaya mini."

Mukhtaru bai ja ba. Ya nemi izinin yi wa uwar gaisuwa daga bakin ƙofa. Hajiya Amatullahi ta tsaya bayan labule, muryarta a dishe.

"Ɗan Na'ima ne, ko? Ka gaishe ta, ta zo jiya. Mun gode, ɗana."

"Allah ya ba ku haƙuri, Inna. Yaya ƙarfin jikin Baba?"

"Shi ne abin tausayi. Ba ya ci, ba ya barci. Ai ba ka san yadda yake ji da yarinyar nan ba. Ana jibi za su tafi sun zo mana yini, shi da kansa ya karɓi mukulli ya ce zai wanke musu mota. Tun bayan azahar yana bayan gida shi kaɗai har la'asar. Ya shigo hannu na zubar da jini, ya ce in yi shiru kada Haifa ta ji ta damu."

Ta faɗi haka ne don a san irin uban da 'yarta ta yi. Mukhtaru ya ji kamar ya ce mata ta mayar da maganar.

Da zai tafi ya zaga ta bayan gidan. Motar tsohon na nan lulluɓe da tampol, irin ta Yunus ce sak, sai dai ta fi ta shekaru. Gabanta ya karkata gefe ɗaya. Ya tsaya yana kallonta, ana jiyo karatun Alƙur'ani daga lungu. Ranar ce ta ƙarshe ta zaman makoki. Bai iya ɗaga tampol ɗin ba, ya san kuma Sadisu ne zai biya wannan kara da ƙarin kwana a tsare. Abin ya dame shi har gida.

Da safe ya dawo shi kaɗai, ya bar motar ofis a bakin titi. An kwashe kujeru, lungu ya koma yadda yake. Ammi Abdulwasi'u na zaune a kan benci kusa da motarsa, da farar jallabiya, kamar mai jiran baƙo.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ka dawo."

"Na dawo. Ka yarda in buɗe?"

Tsohon ya kau da kai. Mukhtaru ya yaye tampol. Ƙafar gaba ta hagu tayar ajiya ce a jikinta. Ta dama babu komai, an tokare da bulo, ga ƙaramin jak a gefe da baƙin man shagon faci a jikinsa. Ya zaga baya ya durƙusa da wayarsa. Tayoyin bayan motar tsohon da na gaban motar da ke kwance a gangaren Tabuka zanensu ɗaya, sunansu ɗaya.

"Ina biyun da ka cire, Baba?"

Ammi Abdulwasi'u ya tashi da ƙyar. Ya buɗe ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, ya gangaro da taya ɗaya da hannun hagu har gaban Mukhtaru. Sabuwa ce fil.

"Duba da idonka," in ji shi. "Duba tsaga. A garin nan taya mai tsaga likkafani ce. Rana ce ke cin roba, ta fara da 'yan layuka haka, ran nan kana tsakiyar hanya ta fashe. Na ga abin da fashewar taya ke yi a hanyar Madina, na ɗauki gawa da hannuna. Na danna wannan ta lotsa. Na ce an cuci yaron nan, an sayar masa da ruɓaɓɓiya an shafa mata baƙi. A kanta zai ɗauki 'yata ya tafi har Tabuka?"

"Ina tabaranka, Baba?"

"Suna aljihu."

"Sa su."

Ya sa. Mukhtaru ya jawo tayar cikin haske, ya ɗora yatsa a kan gunduwa ɗaya, sannan ta kusa da ita, sannan ta gaba.

"Kalli wannan tsagar, kalli wannan. Tsawonsu ɗaya, lanƙwasarsu ɗaya, tazararsu ɗaya har ta zagaye. Kai ka fi ni sanin tsagar rana. Ta taɓa fitowa a jere haka?"

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya bi layukan da yatsansa mai kumburi, a hankali, har ya kai ƙarshen gunduwar. Sannan ya koma ya zauna a kan bencin, ya cire tabaran ya riƙe.

"Ba sai ka nuna mini ba," ya ce. "Na riga na duba. Kullum sai na shiga ɗakin nan na duba."

"Gaya mini yadda aka yi."

"Na ari jak wurin Sadisu na ce tawa zan duba. Huɗun na yi niyyar canzawa, in ba su nawa duka, ni ina zan je? Na gama na gaba, jak ya zame ya datse mini hannu. Na ce to, na gaba su ne rai, su ke riƙe sitiyari. Haka muka sani tun muna yaran mota, mai kyau a gaba ake sa ta. Na mayar da murfin wilinsu, na wanke motar, na shafe tayoyin."

"Me ya hana ka gaya wa Yunus?"

Tsohon ya ɗago yana kallonsa, kamar an yi masa tambayar yara.

"Surukina ne. Ya yi ta murna ya yi wa matarsa abin kirki. In kira shi in ce an cuce ka, ba ka san taya ba, a gabanta? Ba a yin haka, ya waladi. Gyara ake yi a yi shiru. Da ya tambaye ni tun farko, da na faɗa. Shi ma kunyata ta hana shi."

 Da tambaya ɗaya ta shiga tsakanin mutanen nan biyu, da Haifa tana gida tana nuna hotuna. Ladabi ne ya hana, kuma ladabin da shi kansa Mukhtaru aka rene shi a kai.

"Da labari ya zo," in ji tsohon, "na ce biyun da na bari ne suka kashe ta. Na yi ta zagin hannun nan da ya hana ni ƙarasawa. Sai a maƙabarta, an gama rufe ta, Rayyan ya karanta wa mutane saƙon murur. Ina tsaye. Ya ce na gaba ne. Na gaba, waɗanda na ɗaura da bisimilla."

Hawaye ya gangaro cikin gemunsa, bai share ba.

"Ka san an kama Sadisu."

"Na sani."

"Ka san abin da za a yi masa."

"Na sani. Jiya da yau, da safe sai in sa takalmi in ce yau zan je. In na kai ƙofa sai in jiyo uwarta tana kuka a ɗaki. Ta yaya zan dube ta in ce ni ne? Na ce bari a gama makoki. Wallahi ban sani ba ko da an gama zan iya. Yaron nan ya kwana a gidana, ya ci tuwona, na bar shi a rufe."

"Kuskuren taya, alƙali ne zai duba shi, Baba, kuma Allah ya san niyyarka. Amma ƙaryar da ka yi mini da barin mutum a tsare, dole ka zo ka faɗa da bakinka a rubuta."

"Ɗayyib. Mu je."

Sai a lokacin suka lura ƙofar baya a buɗe take. Hajiya Amatullahi na tsaye a bakinta, mayafi a kanta, babu wanda ya san tun yaushe. Ba ta yi kuka ba, ba ta dubi mijinta ba. Ta koma ciki, ta fito da hularsa da ledar magungunansa, ta miƙa wa Mukhtaru.

"Farin bayan ya ci abinci yake sha," ta ce. Ta juya ta rufe ƙofar a hankali.

Mukhtaru bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe masa gwiwar hannu suka bi lungu har titi, masu shaguna na gaishe su, suna zaton rakiya ce.

A ofis aka rubuta jawabinsa, ya sa hannu da hagu. Mukhtaru ya buga waya inda ya kamata, ya ce a fito da Sadisu. Za a wuce da tsohon ciki ke nan suka yi kiciɓis a baranda, mai fita da mai shiga.

Sadisu ya rame, rigar aikinsa ce har yanzu a jikinsa. Yana ganin Ammi Abdulwasi'u tsakanin 'yan sanda biyu sai ya zube ƙasa ya durƙusa, kamar yadda ya saba yi a ƙofar gidansa.

"Baba, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Haifa, shi sa ta huta. Ban samu zuwa gaisuwa ba, ina nan ciki."



Sadisu ya ɗago ya dubi 'yan sandan, ya dubi Mukhtaru, sannan ya gane. Ya kamo gefen jallabiyar tsohon da hannu biyu.

"Baba, wallahi ba ni na faɗa ba."

Ammi Abdulwasi'u ya ɗora hannunsa mai bandeji a kan Sadisu. Sai da aka tallafi tsohon ta kowane gefe aka shiga da shi.